Kilo 100: Bin Sawun Kambun Marasa Nauyi a Tokiyo

Layin jirgin ƙasa guda ɗaya ya ratsa kusan duk wuraren da tarihin kambun 'yan resilin marasa nauyi na Japan ya gudana. Sunan layin Chuo-Sobu, jiragensa masu ratsin ruwan ɗorawa ne. Ka sauka a tashar Suidobashi, ga zauren Korakuen da katafaren filin Tokyo Dome nan kusa da juna. Ka ƙara gaba ta gabas, ka wuce Ochanomizu da Akihabara da Asakusabashi, jirgi ya haye kogin Sumida, sai Ryogoku, inda zauren 'yan sumo, kokawar gargajiyar Japan, yake. Tsakanin waɗannan tashoshi biyu na yi ta kai-kawo a watan Mayu, lokacin gasar shekara-shekara ta wannan aji.

Kambun na kamfanin New Japan Pro-Wrestling ne, wanda Antonio Inoki ya kafa a 1972, kuma sunansa IWGP Junior Heavyweight. Sharaɗinsa a rubuce guda ne: mai nemansa kada ya haura kilo 100. Shekaru ba sa cikin lissafi, akwai masu furfura a ajin. Kowa ya san resilin shiri ne, kamfani ke yanke wanda zai ci tun kafin a kaɗa ƙararrawa. To amma jikin da ke faɗowa daga saman igiya na mutum ne, ƙashin da ke karyewa ma haka. Saboda haka mai bin tarihin wannan kambu abu biyu yake bi: shawarar da kamfani ya yanke, da abin da jikin 'yan wasan ya iya ɗauka.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Japan. Dole ka yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Istanbul, ka sauka a Narita ko Haneda. Haneda ya fi kusa da tsakiyar birni nesa ba kusa ba. Biza kuwa a ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ake nema. Tokiyo na gaban Najeriya da awa takwas, don haka kada ka sayi tikitin wasan daren da ka sauka, barci zai ƙwace ka a kan kujera. Da ka fito daga filin jirgi ka nemi katin Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, shi za ka riƙa dangwalawa a ƙofar kowace tasha. Tikitin wasa ana samunsa a shagunan Lawson ta wata na'ura mai suna Loppi, sai dai kusan komai a jikinta da Japananci yake, gara ka rubuta ranar wasan da sunan zauren a takarda ka nuna wa mai shago. Ana kuma sayar da ragowar tikiti a zauren ranar wasa, amma a lokacin wannan gasa ragowar ba ta da yawa.

Zauren Korakuen a hawa na biyar yake na wani bene da ba ka ce komai ba idan ka gan shi daga waje. An buɗe shi a 1962, yana ɗaukar mutum wajen 2,000, kuma 'yan damben zamani ma nan ne gidansu. Lif ɗin cika yake yi, musamman bayan an tashi, shi ya sa mutane ke bin matakala, wadda bangonta tun daga ƙasa har sama rubuce-rubucen 'yan kallo ne na shekaru da dama. A ciki, ɓangaren kudu shi ne mai kujeru ruwan lemo da aka jera hawa-hawa. Ɓangaren arewa bencin katako ne. Gabas da yamma suna da baranda a sama inda masu tikitin tsaye ke jingina. Shawarata ga mai son ganin wasan marasa nauyi: tsakiyar kudu, layin da ya ɗan ɗaga sama. Kujerun bakin dandali sun fi tsada, amma daga can igiyoyi da rafali ke tare maka ido, kuma idan aka yi tsalle zuwa ɗaya gefen sai dai ka ji ihu. Hoto an yarda, bidiyo an hana, kuma ma'aikata na lura.

Wasannin dare galibi ƙarfe 6:30 ake farawa. A watan Mayu rana na faɗuwa a Tokiyo jim kaɗan bayan haka, wato magariba za ta same ka a ciki. Matafiyi ya shirya yadda zai haɗa ta da isha'i.

Wasan kambu faɗuwa ɗaya ne, iyakarsa minti 60. Mai ƙalubale ke fara shigowa ya tsaya a kusurwa shuɗiya, zakara ya biyo baya zuwa ja. Ana cin wasa da danne kafaɗu biyu har rafali ya buga uku, ko abokin karawa ya miƙa wuya. Wanda ya fita wajen dandali ana ƙirga masa 20, ba 10 ba kamar yadda aka saba gani a Amurka, kuma wannan ƙarin lokaci ne ke bai wa marasa nauyi damar yin tsallensu zuwa waje su dawo ba gaggawa. Duk minti biyar mai sanarwa na faɗin lokacin da ya wuce. A gasar Mayu, mai suna Best of the Super Juniors, ana raba 'yan wasa rukuni-rukuni kowa ya kara da kowa: nasara maki biyu, canjaras ɗaya, faɗuwa babu. Wanda ya lashe gasar shi ke samun damar neman kambun, yawanci a watan Yuni a Osaka.

Ka lura da samarin da ke durƙushe a gefen dandali. 'Yan koyo ne daga gidan horon kamfanin da ke unguwar Setagaya, waɗanda idan sun hau wasa baƙin kamfai da baƙin takalmi kawai aka yarda su saka. Su ke riƙe jakar ƙanƙara, su ke janye 'yan kallo idan faɗa ya fito waje, kuma sau da yawa su ke taimakawa wajen tarbar mai tsalle. Tarba ita ce rabin sana'ar wannan aji. Mai tsalle ba ya ganin inda zai sauka, ya dogara ne ga na ƙasa: ya tsaya daidai tazara, ya buɗe ƙirji da hannuwa, ya karɓi nauyin, su faɗi tare. In na ƙasa ya matsa baya taku ɗaya, na sama zai sauka da fuska. In ya matso gaba da yawa, ƙafafun na sama za su wuce su daki shingen ƙarfe.

Asalin ajin ya girmi kambun. Ranar 23 ga Janairu, 1978, a zauren Madison Square Garden na New York, wani matashi ɗan New Japan mai suna Tatsumi Fujinami ya kayar da Carlos José Estrada ya karɓi kambun marasa nauyi na kamfanin WWF na Amurka, wanda a lokacin ake kira WWWF. Da wani salon jifa ya gama wasan: ka tsaya bayan mutum, ka zura hannuwanka ta ƙarƙashin hamatarsa ka sarƙe yatsu a ƙeyarsa, ka wurga shi baya ta saman kanka, ka banƙare a kan yatsun ƙafa da goshi har a buga uku. Haɗarinsa a fili yake, domin hannuwan wanda aka jefa a ɗaure suke, ba shi da abin kare kai sai ya lanƙwasa haɓa zuwa ƙirji ya sauka a kan kafaɗa. Fujinami ya dawo gida da kambun, Amurkawa kuwa ba su damu da shi ba, sai ya zama kamar kayan Japan.

Wanda ya mai da ajin kasuwa shi ne Satoru Sayama, da aka rufe masa fuska da takunkumin damisa aka kira shi Tiger Mask, sunan wani jarumin zanen yara na talabijin. Ya fara ne ranar 23 ga Afrilu, 1981, a tsohon zauren sumo na Kuramae, da Dynamite Kid ɗan Ingila. Sayama ya zauna a Meksiko da Ingila, ya haɗo alkafurar can da murɗe-murɗen can da shurin da ya koya a gida, da saurin da ba a taɓa gani ba. A wannan zaure na Korakuen, ranar 1 ga Janairu, 1982, ya doke Dynamite Kid ya ɗauki kambun WWF. Yara suka cika gaban talabijin duk daren Juma'a. A watan Agustan 1983 ya ajiye takunkumin ya bar kamfanin, yana kan ganiyarsa. Na haye kogi daga Ryogoku na je neman zauren Kuramae. An rufe shi tun 1984 an rushe, wurin yanzu na hukumar kula da ruwan ƙazanta ta birnin ne.

A ƙarshen Oktoban 1985 alaƙar New Japan da WWF ta yanke, kambun aro ya tafi da ita. Sai kamfanin ya ƙera nasa. Aka yi gasa, ranar 6 ga Fabrairu, 1986, a sabon zauren Ryogoku, Shiro Koshinaka ya doke The Cobra ya zama zakara na farko. Zauren an buɗe shi ne a 1985, mai koren rufi, yana ɗaukar mutum wajen 11,000, kuma ana hango shi tun daga kan dandamalin tasha. Hawan ƙasa akwatuna ne da aka shata da ƙarfe, a cire takalmi a zauna a kan matashi. Na mutum huɗu ne a wasan sumo, kuma dogon mutum zai ji a gwiwarsa kafin a kai rabin wasa. Mai tsayi ya nemi kujerun hawan sama. Abin da ya ɗan ba ni dariya shi ne a gidan sumo aka haifi wannan kambu, alhali sumon ƙwararru ba ta san rabon aji ba: mai kilo 100 da mai kilo 200 fage ɗaya suke shiga.

Shekarun farko na Koshinaka ne da Nobuhiko Takada, mai shuri kamar da gaske, wanda ya karɓe kambun a Mayun 1986. Owen Hart ɗan Kanada ya zama baƙo na farko da ya riƙe shi, a Mayun 1988, bayan ya doke Hiroshi Hase. Daga nan sai zamanin mutumin da sunansa ya manne da kambun.

Keiichi Yamada ya nemi shiga gidan horon New Japan aka ce ya cika gajarta. Ya tattara ya tafi Meksiko da kuɗinsa don ya koya a can, har mutanen kamfanin suka gan shi suka dawo da shi. Ranar 24 ga Afrilu, 1989, a wasan farko da kamfanin ya yi a Tokyo Dome, aka fito da shi cikin takunkumi da riga mai rufe jiki duka da sunan Liger, wanda daga baya ya cika ya zama Jushin Thunder Liger. Wata guda bayan haka ya karɓi kambun daga hannun Hase. Sau 11 ya riƙe shi, ba wanda ya kamo shi. Riƙonsa mafi tsawo kwana 628 ne, daga 4 ga Janairu, 1993, har Satumban 1994, kuma ba kayar da shi aka yi ba, idon sawunsa ne ya karye ya ajiye. Shi ya ƙirƙiro tsallen nan da mutum ke tsayawa a saman kusurwa yana fuskantar dandali, ya tashi gaba amma ya juya alkafura ta baya, ya sauka da ciki a kan abokin karawa. Wannan tsalle shi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin iyakar kilo 100. Juyin na buƙatar tsayin tashi da saurin naɗe gwiwa, kuma duk ƙarin kilo na rage duka biyun. Brock Lesnar, mai kilo wajen 130, ya gwada shi daga nesa a WrestleMania ta 2003, babban taron resilin na shekara a Amurka, juyin bai cika ba, ya sauka a kan kansa.

Amfanin Liger ga ajin ya wuce abin da ya yi a dandali. Shi ya shirya gasar Super J-Cup ta dare ɗaya a Ryogoku, ranar 16 ga Afrilu, 1994, ya gayyato 'yan ƙananan kamfanoni da ba su taɓa ganin taro irin wannan ba. Ya kuma yarda The Great Sasuke, ɗan wani ƙaramin kamfani na arewacin Japan, ya kayar da shi a kusa da ƙarshe. Mai shirya biki ya fita daga bikinsa don baƙo ya yi suna, ba kowane tauraro zai yi haka ba. Daren nan ya nuna marasa nauyi za su iya cika babban zaure su kaɗai.

Sai kuma aka zarce. A watan Agustan 1996, a wannan zaure dai, aka tara kambu takwas na marasa nauyi daga Japan da Meksiko da Amurka da Birtaniya, kowane zakara ya ajiye nasa, wanda ya ci gasar ya kwashe duka. Aka kira tarin J-Crown. Sasuke ya doke Último Dragón a wasan ƙarshe ranar 5 ga wata, bayan ya faɗo waje ƙoƙon kansa ya tsage, kuma a haka ya ƙarasa. Dragón ya karɓe su a Oktoba, ya haɗa da wasu biyu, har ya zama yana riƙe da kambu goma lokaci guda. Hoton ya yi kyau, amma a ganina tun farko ginin ba shi da tushe, domin yawancin kambunan na wasu ne. A 1997 WWF ta tashi buɗe nata ajin marasa nauyi, ta tuna cewa ɗaya daga cikin takwas ɗin sunanta ke jiki, ta ce a dawo mata da kayanta. A Nuwamban shekarar Shinjiro Otani, mai riƙe da su a lokacin, ya saki duka ya bar na IWGP kaɗai. Tarin bai yi wata 16 ba.

Akwai wani abin kunya da ya biyo baya. A Nuwamban 1999 Liger ya kai kambun Amurka, aka shirya Juventud Guerrera ya ci shi a shirin talabijin na kamfanin resilin na WCW bayan ya fasa masa kwalbar giya a ka. Mako guda Liger ya dawo da shi. New Japan ta yi shekaru tana yin kamar abin bai faru ba, sai a 2007 ta shigar da shi cikin lissafi.

Mai son ganin kayan wannan zamani da idonsa ya hau layin Yamanote zuwa Sugamo, ya nemi shagon Toudoukan. Takunkuman da aka yi wasa da su na nan cikin gilashi, da tsofaffin mujallu da takardun shirin wasa jere bisa shekara. Ka dubi takunkumin Liger da kyau: ƙahoni, gashi, da raga a kan idanu. Mutum na alkafura a cikin wannan yana gani ta raga, gumi na zuba masa a ciki. Tasha ɗaya daga Sugamo ita ce Otsuka, akwai masallaci a can, da wuraren cin abincin halal a kewaye. A sauran wurare a yi hattara da romo, ko da naman kaza ne a sama, sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi.

Kuɗin wannan salo jiki ne ke biya. Dynamite Kid ya yi shekaru yana tsalle daga saman igiya yana sauka da ka, bayansa ya lalace a 1986, ya ƙare a keken guragu, ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2018, ranar da ya cika 60. Hayabusa, wanda duniya ta fara sani a daren J-Cup, a Korakuen ƙafarsa ta zame daga igiyar tsakiya a Oktoban 2001 yana shirin alkafura ta baya, ya sauka a ka, jikinsa ya shanye. Igiyoyin wayar ƙarfe ce cikin roba, kuma robar da ta sha gumi santsi take yi, shi ya sa za ka ga ana goge su ana ƙara ɗaure su tsakanin wasanni. Liger kansa an yi masa tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa a 1996. Da ya dawo sai ya rage tashi sama, ya koma dukan tafin hannu da jifa da murɗa, kuma ina ganin wannan canji ne ya ba shi ƙarin shekara ashirin da ɗoriya a dandali.

Matsala ta biyu ta kamfani ce. Duk wanda ya yi fice a ajin, sai a ɗauke shi a kai shi cikin manya, inda kuɗi da babban wasan dare suke. Fujinami ya fara. Takada ya ci kambun masu nauyi a 1996, Kenny Omega a 2018, Kota Ibushi da Will Ospreay a 2021. Prince Devitt, wanda ya riƙe na marasa nauyi sau uku, Amurka ya tafi ya zama Finn Bálor. Iyakar kilo ɗin ma ba sikeli ke tsaronta ba. Shingo Takagi ya shigo a matsayin mara nauyi da ƙirji kamar ganga, ya cinye duk wasanninsa na rukuni a gasar 2019, Ospreay ya tsayar da shi a wasan ƙarshe a Ryogoku, sai kawai ya sanar ya koma cikin manya. Zack Sabre Jr. kuwa bai kai kilo 100 ba, amma cikin manya yake, har ya ci babban kambunsu a 2024. Idan kuma aka haɗa zakarun ajin biyu, an san inda za a ƙare: Shinya Hashimoto ya doke Liger a 1994, Kazuchika Okada ya doke Ibushi a 2014 da Ospreay a 2018. Waɗanda ba su haura ba, irin su Koji Kanemoto da Tiger Mask na huɗu da Kushida da El Desperado, su suka riƙe ajin duk lokacin da aka kwashe taurarinsa.

Tokyo Dome daga waje na gan shi, domin a watan Mayu na 'yan ƙwallon gora ne, gidan ƙungiyar Yomiuri Giants. New Japan na shigarsa ne kowace 4 ga Janairu tun 1992. Wanda burinsa ya ga taro da wuta da kiɗa ya zo a Janairu da rigar sanyi mai kauri. Amma a can wasan marasa nauyi a tsakiyar jeri ake saka shi, kuma daga kujerun sama allo za ka kalla, saurin hannu da ƙafar da ake zuwa dominsa ba ya isowa. Mai son ajin kansa ya zo Korakuen a Mayu.

Hiromu Takahashi shi ne wanda ya fito fili ya ce ba zai haura ba, a matsayinsa na mara nauyi yake son rufe dare a wannan fili. Ranar 7 ga Yuli, 2018, kusa da San Francisco, Dragon Lee ɗan Meksiko ya jefa shi baya, kansa ya riga kafaɗa isa ƙasa, ƙashin wuyansa ya karye. Ya ƙarasa wasan ya kuma riƙe kambunsa, daga baya aka sauke shi saboda jinya. Ya yi sama da shekara ba ya wasa. Ranar 4 ga Janairu, 2020, a Tokyo Dome, ya doke Ospreay ya karɓo kambun. Washegari aka yi wasan Liger na ƙarshe, na bibbiyu: Liger da tsohon abokin hamayyarsa na 1989, Naoki Sano, a gefe guda, Takahashi da Lee ɗin da ya karya masa wuya a ɗaya gefen. Takahashi ne ya danne Liger aka buga uku. Ya lashe gasar Best of the Super Juniors sau huɗu, a 2018 da 2020 da 2021 da 2022, ya wuce ukun da Liger da Kanemoto kowannensu ya ci.